Binciken Da Ya Ce Ƙyanda Ba Ta Kama Ɗan Fari

Shekara ashirin da 'yan kai na yi sanye da farar riga, kuma yawancin kwanakin sun cakuɗe mini, ba na iya raba wannan da wancan. Amma Litinin ɗin da farar mota ta tsaya a ƙofar likitarmu, wato ɗan asibitinmu, da kwana huɗun da suka biyo ta, ko na so mantawa sun ƙi. Ku nake ba labarin, ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna yawo da na'urar tabilet a hannu, domin na ga yadda kuke sunkuyar da kai in babba daga Yamai, babban birninmu, ya yi magana. Ni ma na iya wannan sunkuyon, har na fi ku.

A lokacin ni ne manjo a wani gari tsakanin Filinge da Sanam. Manjo, ga wanda bai san aikinmu ba, shi ne ma'aikacin jinya da aka damƙa wa likitar ƙauye. Sunan ne babba. Rundunar da nake shugabanta mutum biyu ce: ungozoma Ta-Allah, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin, da Hajo mai shara da wanke kayan aiki, wadda ke auren ɗan maigari.

Sai kun san yadda garin yake kafin ku gane wautar da muka tafka. Gari biyu ne. Da aka haƙa famfo a bakin hanya shekarun baya, matasa suka kwashe ɗakunansu suka koma can, aka gina likita da lakwal, wato makaranta, wurin ya zama Bakin Hanya. Tsofaffi kuwa, yawancinsu mata, suka ce ba za su bar rijiyarsu da awakinsu da kaburburan mazajensu ba don wani ƙarfe mai tsiyayar ruwa. Suka zauna a Tsohon Gari, bayan tudun rairayi, tafiyar awa uku a amalanken jaki. Taswirar da ke manne a bangon ofishina, wadda aka zana a Yamai, ta ce Tsohon Gari kufai ne, babu kowa. Shekara shida ina kallonta, ban taɓa ɗaukar biro na gyara ba.

Sai al'adar da kowa a ƙasarmu ta Kurfai ya sani tun yana tsumma. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta sa shi a ƙidaya in an tambaye ta 'ya'yanta, ba ta zancensa a gaban surukai, ko ciwo yake yi ba za ta nuna ya dame ta ba. Da an yaye shi kuma sai a kai shi wurin kakarsa ta wajen uwa. A garinmu, kakannin nan suna Tsohon Gari. Wato kusan duk 'ya'yan farin Bakin Hanya suna can bayan tudu, a wurin da taswira ta ce babu kowa.

Tsakiyar bazara ƙyanda ta shigo. Na bi ƙa'ida yadda aka koya mana. Na cika takardar mako na aika wa babban likita a Filinge. Na ɗebi jinin yaran da suka fara kamuwa, na sa a akwatin ƙanƙara, na ba direban motar kasuwa ya kai, daga can aka wuce da shi Yamai. Awon ya tabbatar ƙyanda ce. Abin da ke biyo baya shi ne bincike: a zo a gano wa take kamawa, a wace unguwa, ta ina ta shigo, domin allurar rigakafi ba ta isar kowa a tashin farko, sai an san inda za a fara. Tsarin nan mai kyau ne, kuma har gobe ina kare shi. Ba don shi ba da a makance muke harbi.

Da safiyar Litinin ɗin, kafin motar ta iso, Hajo tana share baranda sai ta tsaya a bayana. Ba ta dube ni ba, tsintsiya take kallo.

Ta ce, "Manjo, waccan ta wurin Inna, jikinta da zahi kwana ukku. An ce idanun sun liƙe."

Na san wa take nufi. 'Yarta ta fari, mai shekara huɗu, da ke hannun kakarta Inna Kuluwa a Tsohon Gari. Na kuma san abin da liƙewar ido ke nufi a ƙyanda. Akwai wani ɗan ƙwanso na bitamin A da ake fasa wa yaro a baki. In an ba shi da wuri ido ya tsira, in an makara ya yi fari ya mutu. Namu ya ƙare tun watan jiya. A shekarar an hana hawan babur a yankin saboda rashin tsaro, nawa yana jingine a ɗaki ƙura ta rufe shi. Tsofaffin can kuma ba sa fitar da mai ƙyanda rana, balle su ɗora shi a amalanke.

Na ce, "Ki kwantar da hankalinki, Hajo. Yau baƙi na zuwa da mota da magani. Ni da kaina zan kai su."

Ta ce, "To, Manjo," ta ci gaba da shara.

Wajen ƙarfe goma motar ta iso. Wanda ya fito daga gaba shi ne Dokta Idirisa, mai binciken annoba, haifaffen Yamai, wanda ya yi karatu a ƙasashe har uku kuma bai bar kowa cikin duhun haka ba. Dogo ne, mai tsabta, da hula mai faɗin baki irin ta masu zuwa kallon raƙuman dawa. Zabarmanci ne harshen gidansu, Faransanci ne na aikinsa, Hausarsa kuwa ba ta wuce ta sayen tsire ba. Don haka tun kafin ya zauna ya naɗa ni tafinta. A bayan motar na hango kwalayen allura da kwalin bitamin A, zuciyata ta yi sanyi. Sai Dokta ya kulle motar, ya sa makulli a aljihu, ya ce ba za a taɓa komai ba sai bincike ya nuna inda ya kamata.

Ya zaunar da ni ya karanta mini tsarin aikin. Za mu bi gida-gida. A kowane gida sai an nemi yardar maigida, kuma ya zauna a wurin ya zama shaida cewa ba a tilasta wa kowa ba. Sannan a tambayi kowace uwa 'ya'yanta bi da bi, daga na fari zuwa auta: ya kamu ko bai kamu ba. Tabilet ɗin gidan amsa biyu gare shi, I da A'a. In ba a danna ɗaya ba, ba ya wucewa gaba.

Na gyara murya na ce da Faransanci, "Dokta, akwai wani abu game da matan nan da 'ya'yansu na fari, kuma akwai wani gari a bayan..."

Ya ɗaga mini hannu, da murmushi. Ya ce, "Manjo, na san kana da ƙwarewa. Amma aikinka a nan fassara ce. Kada ka ƙara, kada ka rage. Ra'ayin ma'aikacin ƙauye shi ne abu na farko da ke karkatar da bincike. Bari alƙaluma su yi magana da kansu."

A nan ya kamata in ce masa alƙaluman nan ba za su ji Hausa ba. Ban ce ba. Bari in gaya muku dalili, tun da na yi niyyar faɗin gaskiya. Takardata ta neman canji zuwa cikin garin Filinge tana kan teburin babban likita wata takwas, kuma a gabana Dokta Idirisa ya kira shi a waya yana ce masa abokina. Na auna, na ga ba ranar gardama ba ce. Na ce a raina gobe zan sake gwadawa, in ya huta.

Muka fara. Kowane gida salon ɗaya ne. A shimfiɗa tabarma, maigida ya zauna, wani lokaci har da tsohonsa, a kira matar ta durƙusa can gefe. Dokta ya ce, "Ɗa na ɗaya, ya kamu?" Ni in juya in ce, "Wai na farin, ya kamu?" Sai matar ta ja mayafi ta rufe baki, ta dubi ƙasa. In na matsa ta ce, "Alhamdu lillahi." In juya in ce wa Dokta, "Ta gode wa Allah." Shi kuma ya danna A'a. Da an zo kan na biyu da na uku sai baki ya buɗe: wannan kwana biyar yana zazzaɓi, wancan ƙuraje sun fito masa har cikin baki, wannan tari ya hana shi shan nono. Dokta ya yi ta danna I.

Ban ƙara ba, ban rage ba. Tafinta irina sai an tona.

Da yammacin Talata ya kira ni ƙarƙashin bishiyar bedin da ke ƙofar likita, idonsa na ƙyalli. Ya juyo mini tabilet ya ce in duba. Gida kusan arba'in, babu ɗan fari ko ɗaya da ya kamu. Ya ce ya yi aiki a wurare da yawa bai taɓa ganin alƙaluma masu tsabta haka ba. Wataƙila, in ji shi, uwa ta fi kai ɗan fari rigakafi saboda ɗoki. Wataƙila nonon farko ya fi ƙarfi. Wataƙila ma akwai wani abu a jinin Kurfayawa da duniya ba ta sani ba tukuna. Ya hau kan tudun bayan likita inda waya ke kamawa, ya kira wani abokinsa a ƙasar waje, ina jin su suna zaɓar sunan da za su sa wa takardar da za su rubuta.

Ta-Allah tana wanke hannu a gefe, ta tambaye ni abin da ya sa baƙon yake murna. Na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Shi dai baƙo na, makaho na ko da ido. Kai hwa, Manjo, mi as same ka?"

Na ce mata akwai tsari, kuma ba a katse babba. Na shiga ɗaki na ƙulla ƙwayoyin zazzaɓi a leda, na ba Hajo ta ba masu tallan nono da za su koma Tsohon Gari. Ƙwayar zazzaɓi ba ta yi wa ido komai, na fi kowa sani. Don kaina na ƙulla ta, don in ce na yi wani abu.

Ranar Laraba muka shiga gidan maigari, Baba Tankari, surukin Hajo. Aka yi wa Dokta shimfiɗa ta musamman, aka kawo fura. Baba Tankari ya zauna a kan buzunsa da carbi, ƙannensa biyu a gefensa. Aka kira Hajo ta durƙusa a bakin ƙofa.

Dokta ya ce, "Ɗa na ɗaya?"

Na tambaye ta. Ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da muke aiki tare. Jira take in faɗa a madadinta, ni da babu abin da ya ɗaure mini harshe. Na mayar da idona kan ƙwaryar fura.

Dokta ya ce, "Me ta ce?"

Na sake tambaya. Ta dubi wajen surukinta, ta sunkuya, ta ce a hankali, "Alhamdu lillahi."

Na fassara. Ya danna A'a. Har yau ina jin ɗan ƙarar da tabilet ɗin ya yi.

Alhamis muka gama. Jumma'a da safe aka kira raniyo, wato taron da mai bincike ke bayyana wa gari abin da ya gano. Babban likita ya zo daga Filinge da wani wakilin hukuma mai babban tumbi, aka jera musu kujerun lakwal a ƙarƙashin bedi. Dattawa a tabarmi, mata a tsaye can baya. Dokta Idirisa ya manna manyan takardu a bango, ya zana dogayen sanduna da jan biro: sandar 'ya'ya na biyu doguwa, ta na uku ta fi ta, wurin 'ya'yan fari kuwa fili fetal. Ya yi bayani da Faransanci mai daɗin ji, babban likita yana gyaɗa kai, wakilin hukuma yana gyangyaɗi. Ni kuma na miƙe a gaban mutanen da suka san ni suka san uwar da ta haife ni, na buɗe baki na ce musu bincike ya nuna ƙyanda ba ta kama ɗan fari.

Babu wanda ya yi dariya. Mutanenmu ba sa kunyata baƙo. Baba Tankari ya ja carbi ya ce, "Madalla. Ilimi kogi na."

Sai Dokta ya zo kan shawara. Tun da allura da bitamin ba su da yawa, za a fara da ƙanne a Bakin Hanya yau ɗin nan. 'Ya'yan fari, da yake suna da kariya, za su jira kaya na biyu, bayan mako uku. Motar kuma za ta koma Yamai bayan sallar Jumma'a.

Wannan ma na fassara. Da bakina.

Hajo tana zagayawa da faranti tana ba baƙi ruwa. Ta tsaya. Ta sunkuya ta ajiye farantin a ƙasa a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ta tako har tsakiyar fili, tsakanin kujerun manya da tabarmar surukinta, inda mace ba ta tsayawa. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Ta ce, "Manjo, hwaɗa mai. Rakiya. Sunanta Rakiya. Ni na haihe ta, ita ta ta hwari. Tana Tsohon Gari kwance, yau kwana bakwai, idanunta ba su buɗewa. Hwaɗa mai hakanan, kak ka rage komi."

Matan baya suka rufe baki da mayafi. Mijinta ya tashi ya bar wurin. Ku da kuka tashi a birni ba za ku san nauyin abin da ta yi ba: ta kira sunan 'yar fari, a fili, a gaban uban mijinta da dattawan gari da baƙi. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma faɗa ya fi yi sauƙi.

Baba Tankari ya ajiye carbi ya ce, "Gaskiya tah hwaɗi. Jikata ta. Mu munka yi shiru don kunyar baƙo, ita ta hi mu."

Sai muryoyi suka fara tasowa daga baya, ɗaya bayan ɗaya. Ba su kira suna ba, su ba su kai Hajo ba. "Da na wurin Gwaggo." "Da ta wurin Inna." "Namu shekaranjiya anka rufe shi."

Dokta yana ta juyawa yana cewa, "Me ke faruwa? Manjo, me suke cewa?" A karo na farko cikin kwana biyar na yi fassara ta gaskiya. Na gaya masa abin da Hajo ta ce, na gaya masa al'adar, na gaya masa garin da ke bayan tudu, na kuma gaya masa tun Litinin na sani. Babban likita ya daina gyaɗa kai. Dokta Idirisa ya dubi sandunansa na jan biro, ya nemi kujera ya zauna, ya cire hular nan.

Sai ya miƙe ya ce wa direba ya tayar da mota.

Babu hanya a taswira, direba ya bi sawun amalanke. Tafiyar da na kwana huɗu ina auna wahalarta, minti arba'in ta ci. Hajo tana baya tare da Ta-Allah da kwalaye. Mun hau tudu mun fara gangarawa, Dokta ya yi magana ba tare da ya juyo ba, kamar da gilashin mota yake. Ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Har uwata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A wurin kakata na girma." Ya ƙara da cewa, "Na san wannan abu, Manjo. A gida na san shi. Ban taɓa zaton yana bin mutum har cikin tabilet ba."

Ni da shi babu mai yi wa wani gori.

Tsohon Gari da taswira ta kashe ya tarbe mu da hayaƙin girki da kukan awaki. Inna Kuluwa, uwar Hajo, tana bakin rijiya. Dokta, don neman abin faɗa, ya ce in ba ta haƙuri, takardarsu ce ta nuna babu kowa a nan. Ta dube shi daga hula har takalmi ta ce, "To ka ce ma takardat taz zo ta taya ni tatsar awaki, tun da ni na mutu."

Kusan kowane ɗaki akwai yaro kwance, an toshe ƙofa da zana don kada iska ta taɓa shi. A bayan gari akwai ƙananan kaburbura sababbi, ban ƙirga ba, ban iya ba. Rakiya tana ɗakin kakarta, ta rame, leɓɓa sun tsage. A nan zan yi wa Dokta Idirisa adalci: ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai guga, ya wanke idanun da hannunsa har suka buɗe. Na dama ja ne, amma da rai. Na hagu ya riga ya yi fari kamar an ɗiga nono. Ya fasa mata ƙwanson bitamin a baki, ƙwanson da ya kwana huɗu a kulle a ƙofar ofishina. Hajo tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta shiga ba, don uwarta na ciki.

Da muka fito na ce masa, "Dokta, da a ce Litinin muka zo?"

Ya ce, "Kada ka tambaye ni abin da ka sani."

Motar ba ta koma Yamai ranar ba. Dokta ya yage manyan takardunsa, ya ƙara mako guda, ya sake binciken daga tushe. Wannan karon Ta-Allah ce mai tambaya, a cikin ɗaki, babu maigida babu shaida, kuma kakanni ake tambaya game da 'ya'yan fari, su da ke kiran sunan jikokinsu har da kirari. A cikin kwana uku zaren ya fito. Cutar ta Tsohon Gari ta fara shiga, ta hannun makiyayan da ke dawowa daga kasuwar Baleyara suna shayar da dabbobi a tsohuwar rijiya, daga can masu tallan nono suka gangaro da ita Bakin Hanya. Yaran can kuwa babu wanda aka taɓa yi wa rigakafi, domin masu allura taswira suke bi, taswira kuma ta ce kufai. Wato waɗanda binciken farko ya ce suna da kariya su ne ba su da ko ɗaya. Da wannan sakamakon aka aiko da ƙarin allura cikin gaggawa, aka bi rugage da tungayen da ke shan ruwa a rijiyar, kafin damina ta faɗi cutar ta mutu. Bincike ne ya kashe ta, kada wani ya ce muku na ce ba shi da amfani. Na biyun nake nufi.

Bayan wata biyu rapor, wato rahoton binciken, ya fito, an aiko mini da kwafi. Babu zancen jinin Kurfayawa a ciki. A shafin godiya an rubuta cewa ana yaba wa manjon wurin saboda zurfin saninsa da al'adun jama'a. Sunan Hajo bai fito ba, don masu shara ba sa shiga rapor. Kafin ƙarshen shekara kuma aka ba ni canjin da nake nema, na dawo Filinge. Kun ga ashe lissafina bai yi kuskure ba. Shirun ya biya.

Hajo kuwa ta sha magana. An yi wata da watanni mata na nuna ta a famfo, wai ga wadda ta kira sunan 'yar fari a gaban suruki. Baba Tankari ne ya kashe zancen, ya ce duk wadda ta ƙara sai ta zo ta faɗa a gabansa. An ce mini tun daga ranar ba ta sake kiran sunan ba. Rana ɗaya tak ta kira shi a rayuwarta, kuma ya ceci ido ɗaya da yaran gari guda.

Abin da na koya, ga shi, ku ɗauka ko ku bari. Mai bincike yana zuwa da tambaya, amma ku kuka san wanda zai iya amsa ta da wanda ba zai iya ba, da gaban wa. In tabilet ya ba ku gida biyu, mutumin da ke gabanku kuma ya yi shiru, kada ku zaɓar masa gida. Ku tashi ku nemi inda shirun ya nufa. In taswira ta ce babu kowa, ku je ku gani. In babba ya ɗaga muku hannu, ku bari ya sauke, ku ƙarasa maganarku. Iyakar abin da zai yi shi ne ya ɓata rai, kuma ban taɓa ganin wanda ɓacin ran babba ya makantar ba.

Mutane sukan ce al'ada ce ta jawo abin, kunyar matan ƙauye. Ni ba na yarda a faɗi haka a gabana. Hajo tana da al'adar kaka da kakanni da ta rufe mata baki, ta buɗe shi. Ni babu abin da ya rufe nawa sai takarda ɗaya a kan teburin babban likita.

Rakiya ta girma, tana lakwal yanzu, an ce tana da kai. Ranar kasuwar Filinge takan rako kakarta, su biyo ta likita su gaishe ni, don a wurinsu ni ne manjon da ya kawo mota. In za ta gaishe ni sai ta ɗan karkata kai, ta nemo ni da idon dama, ta ce, "Baba Manjo, ina wuni?" Ni kuma in amsa ina kallon ƙasa, kamar yadda na yi ranar Laraba a gidan kakanta.